Na'urar Zaɓe a Ƙasa Mai Faɗi da Rikici: Darasi Daga Kwango

Da tsakar dare, wayewar garin ranar 13 ga Disamba, 2018, saura kwana goma a yi babban zaɓe a Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, gobara ta tashi a wani babban ɗakin ajiya na hukumar zaɓen ƙasar a birnin Kinshasa. Hukumar ta bayyana cewa na'urorin jefa ƙuri'a kimanin 8,000 ne suka ƙone, daga cikin 10,000 da 'yan kai da aka tanadar wa babban birnin. Tun kafin wutar ta gama mutuwa, magoya bayan gwamnati suka ɗora laifin a kan 'yan adawa, su kuma 'yan adawa suka yi zargin cewa gwamnati ce ta cinna wutar domin ta sami hujjar ɗage zaɓe, tunda wanda ya ƙona rumbunsa shi ya san inda toka take tsada. An kuwa ɗage zaɓen da mako guda, daga 23 ga wata zuwa 30.

Abin lura a wannan labari shi ne, babu ɓangaren da ya tsaya ya saurari ɗaya, kuma babu wata hukuma a ƙasar da za ta yi magana kowa ya gaskata. A cikin irin wannan hali ne aka kawo wa masu zaɓe kimanin miliyan 40 wata na'ura mai ƙwaƙwalwa, wadda mafi yawansu ba su taɓa gani ba, aka ce ta hanyarta za su zaɓi shugaban ƙasa. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, na'ura tana iya rage nauyin takarda da wahalar jigila, amma abin da ke sa wanda ya faɗi zaɓe ya haƙura shi ne damar da aka ba shi ya sake yin lissafi da kansa ya ga inda ya faɗi. Ƙasar da jama'arta ke warwatse, siyasarta kuma ke rawa, idan ta sayi na'ura kafin ta tabbatar da wannan dama, ta zama kamar wanda ya sayi sirdi alhali bai mallaki doki ba.

Hujjar Waɗanda Suka Kawo Na'urar

Adalci ya wajabta a fara da hujjar waɗanda suka kawo na'urar, domin hujja ce mai ƙarfi. Faɗin Kwango ya haura murabba'in kilomita miliyan 2.3, wato ta ninka Nijeriya sau biyu da rabi. Babban ɓangarenta kurmi ne mai duhu, wanda kogin Kwango da rassansa suka ratsa ta ko'ina. Tsakanin Kinshasa a yamma da Goma a gabas akwai tazarar da ta wuce kilomita 1,500 a jirgin sama, kuma babu hanyar kwalta da ta haɗa su kai tsaye. Akwai ƙauyuka bila adadin da ba a isa gare su sai a kwalekwale, ko a babur, ko kuma a ƙafa da kaya a ka. Waɗanda suke samun wutar lantarki a wancan lokaci ba su kai kashi 20 cikin 100 na al'ummar ƙasar ba. A zaɓen 2006, wanda shi ne zaɓen jam'iyyu da yawa na farko cikin shekaru sama da 40, sai da jiragen Majalisar Ɗinkin Duniya suka taimaka ƙwarai wajen jigila kafin kayan aiki su isa lunguna.

Bugu da ƙari, ga matsalar yawan 'yan takara. A zaɓen 2011, mutane sama da 18,000 ne suka nemi kujeru 500 na majalisar dokokin ƙasa. A wasu mazaɓu na Kinshasa takardar ƙuri'a ta koma kamar jarida, mai shafuka sama da 50, sai mai zaɓe ya yi ta buɗe shafi yana neman hoton gwaninsa. Mai karatu ya ƙiyasta nauyin irin wannan takarda idan aka buga wa miliyoyin mutane, sa'an nan aka ce a loda ta a jirgi, a sauke, a sake lodawa a kwalekwale. Wannan ne ya sa hukumar zaɓe, a ƙarƙashin shugabanta Corneille Nangaa, ta yi odar na'urori kimanin 105,000 daga kamfanin Miru Systems na ƙasar Koriya ta Kudu.

Yadda na'urar take aiki ba shi da wuyar fahimta. Tana da allo na gilashi wanda ake taɓawa da yatsa, da batir, da ƙaramin injin buga rubutu a cikinta. Mai zaɓe zai karɓi farar takarda daga hannun malamin zaɓe ya zura a bakinta. Hotunan 'yan takara za su bayyana a allon, ya taɓa wanda yake so a matsayin shugaban ƙasa, sa'an nan ɗan majalisar ƙasa, sa'an nan ɗan majalisar lardi. Na'urar za ta buga zaɓinsa a jikin takardar ta turo masa, ya duba, ya naɗe, ya jefa a akwati. Da yamma waɗannan takardu ne doka ta ce a ƙirga da hannu a gaban wakilan jam'iyyu. Ke nan takarda iri guda ta wadatar da duk faɗin ƙasar. A fuskar fasaha, babu shakka wannan dabara ce mai kyau, ta ma fi wasu na'urorin da ba sa barin shaidar takarda ko kaɗan.

To amma wa ya kawo ta, kuma a wane lokaci? Wa'adin Shugaba Joseph Kabila na biyu, wanda shi ne na ƙarshe a tsarin mulki, ya ƙare a Disamba 2016, amma ba a shirya zaɓe ba. An yi zanga-zanga, an rasa rayuka. Limaman Katolika suka shiga tsakani har aka sa hannu a kan yarjejeniya ranar 31 ga Disamba, 2016, cewa za a yi zaɓe kafin ƙarshen 2017, wannan ma bai yiwu ba. Hukumar da ta saɓa alkawari sau biyu ita ce ta zo da sabuwar na'ura ta ce a amince da ita. A Faransanci, harafi guda ne ya raba kalmar jefa ƙuri'a da kalmar sata, sai 'yan adawa suka musanya harafin, na'urar zaɓe ta koma na'urar sata a bakin jama'a. Sun kuma kafa hujja da cewa dokar zaɓe ba ta halatta zaɓe da kwamfuta ba. Hukumar ta amsa da cewa ai wannan injin buga takarda ne kawai. A Fabrairu 2018 jakadiyar Amurka a Majalisar Ɗinkin Duniya, Nikki Haley, ta yi gargaɗi a kan hatsarin gwada sabuwar na'ura a karon farko a zaɓe mai girma irin wannan. Ita kanta gwamnatin Koriya ta Kudu ta nisanta kanta daga cinikin.

Akwai ɗan lissafi da ɗalibin aji ɗaya na sakandare zai iya yi a nan. Rumfunan zaɓe kimanin 75,000 aka tsara, kowace da na'ura guda, sauran kuma na ko-ta-kwana ne. Idan aka raba miliyan 40 gida 75,000, kowace rumfa za ta sami mutum kimanin 530. Ana buɗe rumfa ƙarfe 6 na safe a rufe ƙarfe 5 na yamma, awa 11 ke nan, wato minti 660. Saboda haka kowane mutum yana da minti ɗaya da kwata ya yi zaɓe uku. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe wayar hannu ba, da manomin da bai iya karatu ba, duk wannan ne rabonsu. Idan suka gaza, dole wani ya tsaya kusa da su ya nuna musu inda za su taɓa, kuma da zarar an yi haka sirrin ƙuri'a ya tafi. Abin da ya rage cunkoso a ranar shi ne waɗanda suka fito ba su kai rabin masu rajista ba, ƙuri'u kimanin miliyan 18 aka jefa. Wannan kuwa ba abin alfahari ba ne ga kowace hukuma.

Waɗanda Na'urar Ba ta Isa Gare Su Ba

Sau da yawa akan ji ana cewa fasahar zamani za ta kusantar da zaɓe ga mutanen da ke nesa. Ya kamata a yi taka-tsantsan da wannan magana. Na'ura ba ta rage nisan hanya ko da taku guda. Ita ma kaya ce, sai an ɗauke ta, kuma ta fi takarda sangarta: ba ta son ruwa, ba ta son faɗuwa, tana buƙatar caji, idan ta tsaya tana buƙatar gwani, gwanin kuwa yana iya kasancewa tafiyar yini guda daga wurin. Takarda idan ta jiƙe a shanya ta.

Ranar 26 ga Disamba, saura kwana huɗu, hukumar ta sanar da cewa ba za a yi zaɓe a Beni da Butembo da ke gabas ba, da kuma Yumbi da ke yamma, sai watan Maris. Masu zaɓe sama da miliyan ɗaya ke nan aka cire daga zaɓen shugaban ƙasa, domin kafin Maris an riga an rantsar da sabon shugaba. A Yumbi dalilin shi ne faɗan ƙabilanci da ya ci ɗaruruwan rayuka a tsakiyar watan. A Beni da Butembo an ambaci hare-haren 'yan bindiga da annobar Ebola, wadda aka tabbatar da ɓullarta a yankin ranar 1 ga Agusta, 2018, ta kuma kashe mutum sama da 2,200 kafin a shawo kanta a Yuni 2020.

Wanda ya karanci ilimin halittu ya san cewa tsoron ba na banza ba ne. Ƙwayar Ebola tana yaɗuwa ta hanyar taɓa jini, ko amai, ko sauran ruwan jikin mai cutar, kuma allon da ɗaruruwan yatsu za su taɓa a yini guda wuri ne da ya cancanci kulawa. Sai dai maganin wannan sananne ne, wato wanke hannu da ruwan sinadarin kulorin da auna zafin jiki a bakin ƙofa, kamar yadda ake yi a kasuwanni da majami'un yankin, waɗanda ba a rufe ba. Mutanen Beni, inda 'yan adawa ke da ƙarfi, sun ɗauka cewa an fake da guzuma ne domin a harbi karsana. Washegari masu zanga-zanga suka afka wa wata cibiyar tantance masu Ebola a garin, aikin ma'aikatan lafiya ya koma baya. Ranar zaɓe kuwa, mutanen Beni suka shirya nasu zaɓen na nuna ɓacin rai, suka yi dogayen layuka suka jefa ƙuri'ar takarda da suka tanada da kansu, ko da yake sun san babu mai ƙirga ta a Kinshasa.

Wani zai ce, me zai hana irin waɗannan mutane su yi zaɓe ta waya ko ta intanet daga inda suke? Ƙasar Estoniya a Turai tana yin haka tun 2005, kuma a zaɓen majalisarta na 2023 fiye da rabin ƙuri'u ta intanet aka jefa. Amma Estoniya mutum miliyan 1.3 ne, kowa yana da katin shaida mai ƙwaƙwalwa, babu yaƙi a cikin gida. A yankin da 'yan bindiga ke iko, rumfar zaɓe mai labule ita ce kaɗai wurin da talaka zai kaɗaita da zuciyarsa. Idan aka ce ya yi zaɓe a tsakar gidansa, mai bindiga ko mai kuɗi zai tsaya a kansa yana kallon yatsansa. Har ila yau, makullin intanet yana hannun gwamnati, kamar yadda za a gani yanzu.

Hanyar da ke Tsakanin Rumfa da Kinshasa

An yi zaɓe ranar 30 ga Disamba. An sami na'urorin da suka tsaya, da rumfunan da suka makara wajen buɗewa, da mutanen da suka rasa sunayensu a rajista, amma a galibin wurare an jefa ƙuri'a, an kuma ƙirga. Hasali ma za a iya cewa na'urar ta yi aikin da aka saye ta dominsa fiye da yadda masu sukarta suka zata. Ɓarnar ba a cikin rumfa ta faru ba.

Washegari, 31 ga Disamba, gwamnati ta sa aka katse intanet da saƙonnin waya a duk ƙasar, aka kuma bar su a katse kusan kwana 20. Da tsakar daren 10 ga Janairu, 2019, hukumar ta sanar da cewa Félix Tshisekedi ya sami kashi 38.6 cikin 100, Martin Fayulu kashi 34.8, shi kuma ɗan takarar gwamnati, Emmanuel Ramazani Shadary, kashi 23.8. Jimla kawai aka bayar. Ba a wallafa sakamakon rumfa-rumfa ba, wanda da shi ne kowa zai iya haɗa lissafi ya gani ko jimlar ta yi daidai.

Majalisar limaman Katolika, wadda ta baza masu sa ido kimanin 40,000 a faɗin ƙasar, ta ce sakamakon bai dace da abin da mutanenta suka tattara ba. Bayan 'yan kwanaki jaridar Financial Times ta Ingila da wasu kafofin labarai na Faransa suka sami waɗansu alƙaluma da aka fitar a asirce, waɗanda aka ce daga rumbun kwamfutar hukumar suka fito, suna ɗauke da abin da na'urori sama da 62,000 suka aika. Nazarin da suka yi ya nuna Fayulu da kashi 59 cikin 100, adadin da ya yi kusa da na limaman. Ƙungiyar Tarayyar Afirka ta nemi a dakatar da bayyana sakamakon ƙarshe saboda shakku mai ƙarfi. Kotun tsarin mulki ta yi watsi da ƙarar Fayulu, aka rantsar da Tshisekedi ranar 24 ga Janairu. Wannan shi ne karo na farko tun samun 'yancin kai a 1960 da mulki ya sauya hannu a ƙasar ba tare da bindiga ba, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Amma ga abin mamaki: na'urar da aka kira ta sata, idan waɗannan alƙaluma sun inganta, ita ce ta zama shaida a kan waɗanda suka saye ta.

Ma'auni da Wanda ke Riƙe da Shi

A ɗakin gwaje-gwaje akwai ƙa'idar da ake koya wa ɗalibi tun ranar farko. Kafin ya yarda da ma'aunin zafi, zai tsoma shi a ruwan ƙanƙara ya ga ko ya nuna 0, ya kuma tsoma shi a tafasasshen ruwa ya ga ko ya kusanci 100. Idan masani ya ce ya gano wani abu, sauran masana ba sa karɓa saboda girman muƙaminsa, sai ya bayyana yadda ya yi aikin da ɗanyun alƙaluman da ya samu, domin wani a wata jami'a ya maimaita. Sakamakon da aka hana kowa maimaitawa, a wurin masana, labari ne kawai. Ko a kasuwa, mai sayen hatsi ba ya yarda a shiga da buhunsa ɗaki a auna a fito a gaya masa mudu nawa ne. A gabansa ake awo.

Zaɓe awo ne, kuma ya fi na ɗakin gwaje-gwaje wuya, domin a nan akwai masu son ma'auni ya yi ƙarya, wani lokaci ma su ne suke riƙe da shi. Kotun tsarin mulkin Jamus ta fahimci wannan a Maris 2009, lokacin da ta yanke hukunci cewa na'urorin da aka yi amfani da su a zaɓen ƙasar na 2005 sun saɓa wa tsarin mulki. Ba a kama wani maguɗi ba. Hujjar kotun ita ce, dole ɗan ƙasa wanda ba shi da ilimin kwamfuta ya iya bin muhimman matakan zaɓe ya tabbatar da su da kansa. Idan Jamusawa, da yawan injiniyoyinsu da zaman lafiyarsu, suka ƙi yarda da akwatin da ba a ganin cikinsa, ina ga ƙasar da shugabanta ya zarce wa'adinsa da shekara biyu?

Masu goyon bayan na'ura sukan kawo misalin Indiya, kuma misali ne da ya dace, domin ita ma tana da tsaunuka da dazuzzuka da tsibirai. Masu rajista a zaɓenta na 2024 sun kusa miliyan 970, rumfuna kuma sun haura miliyan ɗaya, har akwai wadda ake kafawa a dajin Gir saboda mutum guda. Amma a dubi yadda ta bi. An fara gwada na'ura a 1982 a wasu rumfuna na mazaɓa guda a jihar Kerala. A 1984 kotun ƙoli ta soke wannan zaɓe saboda doka ba ta tanadi na'ura ba, aka koma aka gyara doka. Sai a 2004 aka yi amfani da ita a duk ƙasar, shekara 22 ke nan. Na'urar mai sauƙi ce, da batir take aiki, ba ta haɗe da intanet. Da ƙorafi ya yi yawa aka ƙara mata injin buga takardar shaida daga 2013, kuma a 2019 kotun ƙoli ta umarci a riƙa zaɓar rumfuna biyar ta hanyar ƙuri'a a kowace mazaɓar majalisar jiha, a ƙirga takardunsu a gwada da abin da na'ura ta nuna. Wannan ita ce dabarar ɗaukar samfur da likita yake yi: ba ya zuƙe jinin mutum duka domin ya gano zazzaɓin cizon sauro, ɗigo guda ya isa, muddin dai ba wanda ake tuhuma ne ya zaɓi inda za a ɗiba ba. Duk da wannan, har yau 'yan adawar Indiya ba su daina ƙorafi a kan na'urar ba. Kwango kuwa ta so ta yi tafiyar shekara 22 a cikin shekara ɗaya da 'yan watanni, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. Allurar rigakafin Ebola da aka yi wa mutanen Beni a wannan shekarar, sai da aka gwada ta mataki-mataki, har da babban gwaji a ƙasar Gini a 2015, kafin a kai musu.

Ƙasar Kenya ta fi kusa da halin Kwango, kuma ta ɗanɗana ɓangarorin biyu. A can da takarda ake zaɓe, na'ura tana tantance mai zaɓe ne, ta kuma aika sakamako. Ranar 1 ga Satumba, 2017, kotun ƙolin ƙasar ta soke zaɓen shugaban ƙasa saboda kurakuran da aka tafka wajen aika sakamako, bayan hukumar zaɓe ta kasa buɗe kwamfutocinta yadda kotu ta umarta. A 2022 sai hukumar ta ɗora hoton takardar sakamako ta kusan kowace rumfa, sama da 46,000, a intanet cikin 'yan kwanaki, duk mai so ya sauke ya haɗa. An yi rigima, har wasu kwamishinonin hukumar suka bijire, amma da aka je kotu akwai abin dubawa, kuma kotu ta tabbatar da sakamakon. Masu karatu a Nijeriya za su tuna cewa babbar taƙaddamar zaɓen 25 ga Fabrairu, 2023, a kan wannan gaɓa ta tsaya, wato jinkirin ɗora takardun sakamakon zaɓen shugaban ƙasa a shafin hukuma.

Abin da ya dace ƙasa irin Kwango ta fara kashe kuɗinta a kai, saboda haka, arha ne idan aka gwada da na'urori 105,000. A ƙirga takardu a rumfa, a gaban jama'a, kafin akwati ya motsa. A rubuta sakamako, wakilan jam'iyyu su sa hannu, kowa ya karɓi kwafinsa, a manna guda a jikin bango. A wallafa sakamakon kowace rumfa kafin a bayyana jimla, kuma doka ta ce jimlar da ba ta zo da wannan ba, ba ta da inganci. A haramta katse hanyoyin sadarwa a kwanakin ƙidaya. Faɗin ƙasa shi ne ya sa wannan ya zama dole, domin takardar da za ta yi kwana biyar a hanya daga ƙauye zuwa cibiyar tattara sakamako, hannaye da yawa za ta ratsa, kuma kariyarta ita ce a ce an riga an bar kwafinta a baya a hannun abokan hamayya. Bayan an kafa wannan, sai a gwada na'ura a ƙananan zaɓuɓɓuka, a ƙasa da birni, da rani da damina, a bar masanan jami'o'i da na jam'iyyu su binciki manhajarta. A kuma buɗe littafin ciniki, domin a Maris 2019 ma'aikatar kuɗin Amurka ta sanya wa Nangaa takunkumi, tana zargin cewa an ƙara wa kwangilar na'urorin kuɗin da ya kai dala miliyan 100.

Zaɓen 2023

An sake fito da irin waɗannan na'urori a zaɓen 20 ga Disamba, 2023, a ƙarƙashin sabon shugaban hukuma, Denis Kadima. Kayan aiki ba su isa wurare da dama a kan lokaci ba, har aka ci gaba da zaɓe a kwanakin da suka biyo baya. Rubutun katin zaɓe na mutane masu yawa ya goge tun kafin ranar. An bayyana Tshisekedi da kashi 73 cikin 100, ratar da ta yi faɗin da ya rage kaifin gardama a kan wanda ya yi nasara. Amma a Janairu 2024 hukumar da kanta ta soke ƙuri'un 'yan takara 82, cikinsu har da ministoci da gwamnoni, bisa laifuffukan da suka haɗa da mallakar na'urorin zaɓe ba bisa ƙa'ida ba. Wato an sami waɗanda suka kai injin buga ƙuri'a hannunsu.

Mutanen Masisi da Rutshuru a gabas ba su yi zaɓe ba a wannan karo, saboda yaƙin 'yan tawayen M23, haka ma na Kwamouth a yamma saboda rikicin ƙabilanci. Shi kuwa Corneille Nangaa, wanda ya karanta sakamakon 2019 da tsakar dare, a wannan wata na Disamba 2023 ya sanar a birnin Nairobi da kafa ƙawancen siyasa da na soja tare da M23. A ƙarshen Janairu 2025 dakarun wannan ƙawance suka shiga Goma, a watan Fabrairu kuma suka kama Bukavu. Bisa tsarin mulkin ƙasar, a 2028 ne ya kamata a yi zaɓen shugaban ƙasa na gaba.